Famfon da Bature Ya Ce in Yi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na goyi surukina a baya ba, kuma birkin mota ne ya ja mini.

Lokacin ina akawu a wajen aikin ban ruwa na Bakolori, muna zaune a gidajen ma'aikata da ke gefen Talata Mafara. Mahaifin matata Rakiya, wanda nake kira Baba, mutumin ƙasar Maradun ne, kuma gonarsa na cikin waɗanda ruwan dam ya cinye. Tun da na karɓi aikin nan ya daina sakar mini fuska. In na je gaishe shi na durƙusa, zai amsa gaisuwar tsaf har ƙarshe, ba ya tsallake ko ɗaya, amma daga nan ba ya ƙara ko kalma. Shekara uku muna haka, abin kuma yana ci mini rai ƙwarai.

Ana cikin haka wani injiniya ɗan Italiya, da leburori suka sa wa suna Jan Wuya, zai koma ƙasarsu, ya sayar mini da motarsa. Ya haɗa mini da kwali guda na kayan gyara, ya ce birkin baya ya kusa ƙarewa. Ya nuna mini faifan ƙarfe biyu sababbi, irin waɗanda ke juyawa tare da taya, da takalman birki da ke matse su in an taka. Turancinsa bai fi nawa ba, nawa kuma na cike takarda ne, don haka rabin bayanin da hannu aka yi shi. Da ya zo ƙarshe sai ya ɗaga yatsa, alamar ga muhimmin abu, ya ce, “Pompa, pompa, pompa,” yana buga ƙafa a ƙasa.

Na leƙa but ɗin motar, sai ga famfon taya irin wanda ake takawa da ƙafa. Na gyaɗa kai irin na mai ilimi. (Da na tambaya ba abin da zai rage ni, amma akawu ne ni, ga leburori suna kallo.)

Bayan wata biyu Rakiya ta zo mini da labari: Baba zai je ɗaurin auren ɗan ƙanensa a Bakura, zai kwana gidan wani amininsa a unguwarmu, kuma ya yarda in kai shi. Ta ce ita ta sha wuya kafin ya yarda, don haka in kama kaina. A lokacin birkin baya ya fara ƙara kamar ana wasa wuƙa. Ta ce in kai wa Mamman bakanike. Na ce mata mutumin da Bature ya koya wa aiki da bakinsa ba ya bukatar Mamman.

Ranar Asabar na shimfiɗa buhu a ƙofar gida. Na tare tayoyin gaba da duwatsu, na sassauta notuna, na ɗaga motar da jak. Na cire taya, na kwance ƙarfen da ke riƙe da takalman, na ɗaure shi da waya don kada ya ja tiyon man birki. Tsohon faifan ya ƙi fita sai da na ba shi guduma. Na goge tsatsa, na sa sabo, na mayar da ƙarfen da ke turo takalman can ciki don sababbin su samu wuri. Na yi haka a ɗaya gefen. Gaskiya aikin ya yi kyau, har yau ina faɗa. Sai na tuna wasiyyar Jan Wuya, na ɗauko famfo na bi tayoyi huɗu ina takawa har gumi ya jiƙe mini riga. Har ta safaya ban bari ba.

Washegari da hantsi Baba ya fito cikin farar babbar riga da rawani. Na durƙusa muka gaisa, na buɗe masa ƙofar baya. Maƙwabta sun fito, wasu don ban kwana, wasu don su ga tsohon da ya ƙi mutanen dam zai shiga motar ɗan dam.

Daga ƙofar gidana hanya gangara ce, ba ta da nisa, sai kwana a bakin kanal, wato magudanar siminti da ke kai ruwa gonakin shinkafa. Na tayar da mota, muka gangara. Da muka doshi kwanar na taka birki, sai ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Na ja birkin hannu, shi ma ya taso fayau. Daga baya Mamman ya ce da na ɗaga ƙafar na sake takawa sau biyu ko uku da birkin ya kama, don famfon da Bature ke nufi ke nan: a tattaka birki kafin a motsa, takalman su matso jikin faifai. Ni kuwa na danne shi da dukkan ƙarfina ina salati.

Ba da gudu muka faɗa ba. A hankali motar ta sa hanci cikin kanal, kamar saniya za ta sha ruwa, ta tsaya da bayanta a sama. Ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa. Ban iya waiwayawa ba.

Daga bayana na ji Baba ya ce, cikin murya irin ta mai tambayar farashin gero, “Malam, nan na Bakura?”

Na fito, ruwa iya cinya. Manoma sun bar shinkafarsu, maƙwabta sun gangaro, Rakiya na tsaye daga nesa ta rufe baki da mayafi. Gefen kanal ɗin santsi gare shi, Baba kuma yana fama da gwiwa, ga farar riga. Kowa ya san abin da ya kamata a yi, kowa kuma ya tsaya yana kallona, don ni na kawo shi. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ko sunansa ban taɓa kamawa ba, shi na juya wa baya na rusuna a bakin ƙofar mota.

“Baba, a yi haƙuri a hau.”

Ya tattare rigarsa, ya hau. Ba shi da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ba ni tausayi. Ina taka ruwa a hankali sai ya sunkuyo daidai kunnena.

“Ruwan ga naku sun ci gonata, yau kuma ni sunka zo ɗauka?”

Na ce, “Wallahi Baba kuskure ne.”

“Wa ya gyara ma motar?”

Na so in ce Mamman, Allah Ya sani na so. Na ce, “Ni ne.”

Sai na ji ƙirjinsa yana girgiza a bayana. Na ɗauka kuka ne ko sanyi, ashe dariya yake, irin wadda ba ta fita da sauti. Da na sauke shi a kan busasshiyar ƙasa ya dube ni, karo na farko ido cikin ido.

“To aƙalla ba ka ƙarya. Tahi ka canza wando, ka zo ka raka ni tasha.”

A motar haya muka je Bakura, a kujera ɗaya, yana ba ni labarin gonarsa tun daga inda tsamiya take har bakin rafi, ni kuma ina saurare da takalmi jiƙe. Mun samu an riga an ɗaura aure. Ya gaya wa 'yan'uwansa dalilin makararmu da bakinsa, a gabana, bai rage komai ba, har da ƙari.

Tarakta ce ta jawo motar da yamma. Abin da na koya bai da yawa: in mutum ya gaya maka abu ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, a gaban leburori biyar. Tawa kuwa har jikokina sun san ta, don Baba bai rasu ba sai da ya tabbatar kowa a dangi ya iya ba da labarin.