Sa Hannu na Goma

"...da gajiya? Ya ƙafar taka, tsoho? Ba ta ƙarasa ruɓewa ba?"

"Tana nan, ita za ta taka rawa ranar da na rabu da ke. Amarya, yau kuma wace tsiyar kika kwaso?"

Kaka bai ɗago daga keken ɗinkinsa ba. Shekara talatin yana ɗinka tutocin jam'iyya a wannan shago, shekara talatin kuma shi ne wakilin unguwa a babban taron fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa. Bana ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Jikarsa, malamar makaranta, ta ture ƙyallaye ta shimfiɗa takarda a teburin yanka. Kujerar wakilcin take nema, kuma ƙa'ida sai tsofaffin shugabannin unguwa goma sun sa hannu. Tara ta samu, saura na Kaka, da azahar kuma ake rufe karɓa.

"Wakilci? Ke? Da muryar nan taki kamar ƙofar da ta shekara ba mai? An ba ku shugabar mata, me kuma kuke nema?"

"Shugabar jera kujeru dai. Mu share, mu jera, mu cika fili, mu yi tafi. In an zo zaɓen wanda zai riƙe ƙasa, a ce mu jira a waje mu tsare muku jakunkuna."

"Tafi ma aiki ne."

"To bana kai za ka yi, tunda haƙoran ihu sun zube. Rabin kujerun wakilai muke so. Kuma kafin ka mutu sai ka ɗinka hoton mace a tutar nan."

"Mace shugabar ƙasa! Ranar sai a ɗage zaman majalisa saboda ɗankwali ya ƙi ɗauruwa."

"In ji waɗanda suka yi wata guda ba sa gaisawa a kan wa zai zauna kusa da fanka."

"Wannan maganar manya ce, ja'ira."

"Sa hannu, angona, rana tana yi."

Ta kai hannu ga biron da ke maƙale a aljihun rigarsa, mai murfin ruwan zinariya, wanda duk unguwa ta san shi da shi. Kaka ya yi wuf ya dafe aljihun, har keken ya tsaya. Sai ta gane ba ɗankwali ne damuwarsa ba.

"Ba a taɓa min biro."

"Don me? Tsoro kake a ga ba ya rubutu?"

"Wannan biron ya naɗa shugabanni uku!"

"Wannan biron tun ina goye tawadarsa ta bushe. Na sha sace shi ina ƙarama, ko ɗigo ba ya yi. Tsoho, kana tsammanin ban san rubutun Iya ba? Ita ta koya min riƙe alƙalami. Sa hannun da ofishin jam'iyya ya ɗauka naka ne, da wutsiyar nan tasa mai lanƙwasa, hannun kakata ne."

"Rage murya, mara kunya, akwai mutane a waje!"

"Kuma duk taron da za ka, ita ke zaunar da kai ta ce wane maƙaryaci ne, wane zai iya. Ka tafi ka jefa ƙuri'arta, ka dawo kana baza riga."

"Shawara ce kawai nake ji."

"To ji tawa. Ko ka kira ta da bakinka, ko in ɗaga labulen nan in shiga da kaina, gobe kuma in kawo maka allo gaban abokanka mu fara daga baƙin farko."

Kaka ya dube ta, ya dubi labulen da ya raba shago da cikin gida. Ya yi gyaran murya irin ta jawabi.

"Iya! Ɗan fito ki sa min hannu."

Daga ciki muryar tsohuwa ta amsa, ba gaggawa: "Ai ina jin ku. Shekara talatin ina wakilci daga bakin murhu, sai bana za a ga mace a zauren taron."

Dariya ta ƙwace wa Kaka har da tari. Ya zare biron ya cusa wa jikarsa a hannu.

"Ungo, kin cinye ni. Maƙala a gaba, a taron nan ba mai tambaya ko yana rubutu."

"Zan sa masa tawada," ta ce. "Matsa, ka ba wakiliya kujera ta zauna."