Bajen Fukafukai da Kofin Zoɓo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka gayyace ni in yi wa 'yan makaranta jawabi a Safana ba, ko da kuwa na so in manta, don mutanen Zakka ba za su bar ni ba.

Aikina gyaran injin ƙananan jiragen sama, irin masu farfela a hanci da ake koya wa ɗalibai tuƙi da su. A gida Batsari kuwa ba wanda ya yarda ni makanike ne. Wurin Innarmu, ni ke tuƙa alhazai zuwa Makka (na gaji da gyara mata, kuma gaskiya ban cika matsawa ba).

Ina hutu a gida sai Malam Lawal ya kira ni. Shi ya koya mana kimiyya a sakandare, yanzu shi ne shugaban wata makaranta a Safana. Ya ce iyaye na ta cire 'ya'yansu daga ajin kimiyya, wai ba ya kai kowa ko'ina, yana so in zo ranar taron iyaye in nuna musu inda ya kai ni. Na ce, "An gama, Malam." Sai da zai kashe waya ya ƙara da cewa shugaban iyayen yara, Alhaji Mamman na Zakka, shi ne babban baƙo.

Alhaji Mamman mahaifin Hindatu ne. Manyana sun je wurinsa neman aurenta, ya ce a ba shi lokaci ya ga kamun ludayin yaron. Har ranar bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Na yanke shawarar in yi magana kan abin da na fi alfahari da shi, wato daidaita nauyin kayan cikin inji. Idan muka kwance injin jirgi za mu sake haɗa shi, kowane fistin, wato ƙarfen da ke kai da komo a cikin injin, sai ya hau sikeli, haka sandar da ke riƙe da shi, a haɗa kowanne da wanda nauyinsu ya zo ɗaya a sa su suna fuskantar juna. In ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa, injin zai yi ta karkarwa har ya ci kansa, kuma a sama ba gefen titin da za ka faka.

Tunda ba zan ɗauko inji a kan babur ba, sai na samo injin tsohuwar fanka, na kafa shi a kan katako, na yanko faifan katako guda biyu. Ɗaya na bar shi da nauyi a gefe guda. Ɗayan na zauna na yi ta manna masa ƙananan notuna ina gwadawa, har ya zama idan yana juyawa sai ka rantse a tsaye yake.

Da safe na yi wanka, na sa kayan aiki masu guga, na dubi faifan nan mai kyau, sai na ga ya yi min kama da murfin tukunya. Ba abin da ke nuna na mutumin jirgi ne. Sai na ciro bajen ƙarfe mai fukafukai da nake maƙalawa a ƙirji, na shafa masa gam na manna a fuskar faifan. Tsakiya akwai noti, don haka na ɗan matsar da shi gefe. (E, ni. Ni da zan je in yi wa'azi a kan giram ɗaya.)

Ɗakin taro ya cika. Bayan doguwar gaisuwa na durƙusa gaban Alhaji Mamman, yana cikin farar shadda sabuwa fil, har tana ƙara in ya motsa. Ya ce, "Madalla, ɗana. Yau za mu ga aikin naka."

Jawabi ya tafi yadda nake so. Na ce musu fistin biyu kamar mata biyu ne suna daka a turmi ɗaya, in taɓaryar ɗaya ta fi nauyi sai turmin ya fara tafiya. Iyaye mata suka yi dariya, dattawa suka gyaɗa kai. Na ɗaura faifan farko na kunna, tebur ya hau rawa, yara suka yi ihu. Na kashe.

Da a nan na tsaya da na fita da mutuncina. Amma daɗin tafi ya riga ya hau min kai. Na ɗaura faifai na biyu, na ce, "Wannan ni na daidaita shi da hannuna. Baba, don Allah a matso kusa."

Aka matso da kujerar Alhaji Mamman har gwiwarsa na taɓa tebur. Na ɗauki babban kofin zoɓon da aka ajiye masa, cike har baki, na ɗora kusa da injin.

"Idan ɗigo ɗaya ya zuba," in ji ni, ina kallon jama'a, "ku daina kirana injiniya."

Na murɗa makunni har ƙarshe.

Teburin bai yi rawa ba, tsalle ya yi. Kofin ya taho da gudu kamar an aike shi, ya tuntsure kan cinyar Alhaji Mamman, zoɓo ya wanke shaddar nan tun daga ƙirji har ƙasa. Na kai hannu in kashe, na rasa inda makunnin yake. Sai gam ɗin ya saki, bajen ya yi fiffike da gaske, ya wuce ta saman hular Malam Lawal ya daki allo, ƙwal!

Yana fita, injin ya natsu. Faifan ya ci gaba da juyawa lumui, ba ko girgiza, ɗakin ya yi tsit kowa na sauraronsa.

Alhaji Mamman ya dubi rigarsa, ya dube ni, ya ce a hankali, "Ɗana, irin wannan kake ɗaura wa jirgin?"

Ɗaki ya fashe da dariya. Ni dai ina tsaye, gumi har cikin takalmi.

Malam Lawal ne ya cece ni. Ya tsinto bajen, ya ɗaga sama ya ce, "Kun ga ɗan wannan abin? Shi kaɗai ya yi duk ɓarnar nan. Abin da ya zo gaya muku ke nan." Aka yi tafi. Wasu har yau sun ɗauka da gangan na shirya. Alhaji Mamman bai ɗauka haka ba, don da na bi shi waje ina ba da haƙuri ya tambaye ni wa ya manna abin, na ce ni ne, ya ce don me, na sunkuyar da kai na ce don ya yi kyau.

Ya daɗe yana dariya, yana matse bakin riga. Sannan ya ce, "To, ka dai iya faɗin gaskiya. Ka ce wa manyanka su dawo."

Hindatu tana gidana yanzu. A Zakka kuwa, daga yara har tsofaffi, Injiniya Zoɓo suke kirana, kuma in na je gaisuwa aka kawo abin sha, surukina da kansa yake janye kofinsa daga gabana.

Abin da na koya shi ne, in ka gama auna komai, ka auna son burgewarka ma, don ya fi kowane noti nauyi. In kuma dole sai ka yi rantsuwa a gaban surukinka, ka yi ta da ruwan sanyi.