Injiniya Kamilu a Sahun Gaba

"Duk gem ɗin da anka taɓa ƙerawa a duniya akwai ɗakin da masu shi sunka kulle sunka ɓoye, ni ko makullin na cikin kaina."

Kamilu ke nan fa, mai rumfar cajin waya a bakin tashar Ƙaura, wanda shi ya raɗa ma kanshi Injiniya, ba wanda ya tambaye shi. Bidiyo guda ya kalla na wasu Turawa da ke tona tsofaffin gem na hannu, suna fiddo kiɗa da filayen wasa da anka rubuta ba a yi amfani da su ba. Rabi ma ya kalla data ta ƙare. Amma tun ranar kunnen 'yan kabu-kabu bai huta ba.

To abokina, ga inda zancen yake. Kamilu na son Barakatu ɗiyar Malam Halilu, limamin unguwarsu, mutumin da ko dariyarshi sai an yi sa'a. Yayanta Hafiz ya ce mai ya zo La'asar su yi salla tare, in an sallame ya gabatar da shi wajen Malam. Suna cikin wanga zance Kamilu ya hango wani tsohon gem cikin ɗakin Hafiz, irin mai jera bulo ɗin nan, tsarabar Makka da Malam ya kawo mai tun yana ɗan firamare. Hafiz ya ce ya aje mai abinshi, ko ƙannenshi ba ya bari su taɓa. Gogan naka ya dafe ƙirji ya ce kafin La'asar zai buɗe mai abin da bai taɓa gani ba.

Ya suri gem ɗin ya koma rumfa ya danne madannai da yatsu, ya ƙara da haɓa, har da hanci. Shiru, bulo dai ke saukowa. Sai ya ce datti ne ya toshe ƙofar. Ya kwance gem ɗin ya yi mai abin da yake ma kowace waya, ko mi ke damunta: wanka da fetur da burushin haƙori. Ya shanya saman kwanon rumfa cikin ranar Azahar. Allon ya yi baƙi ƙirin.

"Jama'a ku matso, ga duniyar duhu ta buɗe," in ji uban 'yan ƙarya.

Anka taru ana leƙe. Inuwar kawunansu ta sanyaya allon, duniyar duhu ta washe, ga bulo. Kowa ya koma kan babur ɗinshi yana tsaki.

Wajen mayarwa kusoshin sunka zube cikin rairayi, kazar mai tuwo ta haɗiye guda a gabanshi. Ya ce ba komi, injiniyan gaske ba ya jiran kusa. Ya malala sufa gulu ko'ina, murfin batir, madannin kashewa, duk ya liƙe.

Kai, ka san wani abin mamaki? Wata 'yar wayar cikin gem ɗin da ya maida a karkace ta taɓo wani wuri, sai ga wani kiɗa da ba a taɓa ji ba cikin gem ɗin, tiriri tiriri, kamar algaita ta yi mura. Da gaske ya tono abin ɓoye. Ya yi tsalle, ya jira kiɗan ya mutu don kanshi, ya jefa gem ɗin aljihun wando, ya zura babbar riga ta aro, sai masallaci.

Hafiz ya nuna mai wuri a tsakiya. Ina. Sai da ya kutsa sahun gaba, daidai bayan liman, wai don Malam ya shaida natsuwarshi.

Anka kabbara lafiya. Ana yin ruku'u wando ya matse, tiriri tiriri. Ya saki tari don ya rufe, kiɗan ya fi tarin ƙarfi. A sujada ya danna da gwiwar hannu, ashe madannin ƙara murya ya taɓo. Kafin zaman tahiya zufa ta jiƙe rigar mutane sharkaf, wani dattijo kusa da shi kafaɗarshi sai rawa take don danne dariya.

Malam ya sallame, ya yi tasbihinshi a tsanake, sannan ya juyo ya ce mai wayar nan ya ji tsoron Allah ya kashe ta. Kamilu ya fiddo gem ɗin yana ƙoƙarin ɓanɓare murfin da haƙori. Hafiz ya ga tsarabarshi ta Makka duk gulu, ya kau da kai.

"Allah gafarta Malam, ba ta mutuwa. Wani sirri ne na buɗe."

Malam ya dube shi tun daga hula har yatsun ƙafa, ya dubi Hafiz.

"Wanga ne ka ce kana so in gani?"

Hafiz ya ce shi ne, murya can ƙasa.

"To na gan shi, na kuma ji shi raka'a huɗu. Yaro, tashi ka tafi, ka gaida gida."