Ranar da Na Kifar da Gwamnati a Kafen Emeka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi juyin mulki a gaban surukina ba, kuma ko na so in manta mutanen Zuru ba za su bar ni ba.

Lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a cikin gari. Wayar salula ta fara yawa a hannun mutane, rediyo kuma ba ta da zance sai yaƙin Iraƙi. Emeka, wani ɗan kabilar Ibo da ya fara da sayar da kayan gyaran babur, ya buɗe kafen intanet kusa da kasuwa. Kwamfutoci ne tsofaffi jere a kan benci, da fanka mai kuka, da janareta a bayan shago. Mutane na zuwa duba sakamakon jarrabawa ko aika saƙo ga 'ya'yansu sojoji. Ni kuwa ina zuwa ne in tafi sararin samaniya.

Bari in yi bayani, don na saba yin sa. Akwai wani zaure a intanet inda kowa yake ƙirƙirar mutum ya zama shi, a haɗu ana saƙa labari ɗaya. Ka rubuta abin da naka mutumin ya yi, wani ya ɗora daga inda ka tsaya. Namu labarin na jiragen 'yan sama-jannati ne da duniyoyi masu nisa. Tom, wani Ba'amurke mai gyaran kwamfuta, shi ne shugaban ƙasa na tarayyar duniyoyin. Marisol, ma'aikaciyar jinya a Manila, ita ce likitar babban jirgi. Ni ne Janar, shugaban rundunar. (Wace irin halitta ce Janar ɗin, za ku ji nan gaba. Ba na gaggawar tona kaina.)

Tsakanin wasa kuma sai hira. Su suna kallon shirye-shiryen sararin samaniya a talabijin a makon da suka fito. Ni sai bayan watanni nake samun su a faifan kasuwa, kashi na tara kafin na uku, da rubutun Sinanci a ƙasa. Hakan bai taɓa hana ni gardama ba. Akwai wani shiri da mutanen wata duniya mai ƙarfi suka mamaye wata ƙarama da sunan ceto ta. Tom ya ce mamayar ta dace, don sarkin can azzalumi ne. Na ce masa ai wannan Iraƙi ce aka sa mata taurari. Ya ce ban fahimci siyasar duniya ba. Na ce ni daga garin da kowane gida ya ba da soja nake, mun san wanda yake dawowa a akwati in manya suka tafi ceton wani. Na ƙara da tambayarsa dalilin da ya sa a duk shirye-shiryen nan, in ka ga baƙin mutum a jirgi, to ka fara yi masa addu'a, don shi zai fara mutuwa. Marisol ta goyi bayana. Tom ya yi fushi, ya je cikin wasan ya sa shugaban ƙasarsa ya umarci rundunata ta mamaye wata ƙaramar duniya ta manoma.

Na ƙi. Na sanar da su cewa Janar zai yi juyin mulki.

Abin ya yi wa kowa daɗi har Tom, ya ce irin wannan babban al'amari bai kamata a yi shi a rubuce ba, mu yi da murya. Muka sa ranar Asabar da rana, lokacin da shi yake tashi daga barci, Marisol kuma ba ta kwanta ba. Na kwana biyu ina haddace jawabina a kan babur.

Ranar an yi ruwa da safe, kafen ya cika. Emeka ya ba ni kwamfutar kusurwa da abin sauraro mai makirufo, irin manyan nan masu rufe kunne ruf. Abu biyu ne ban sani ba. Na farko, in ka sa abin nan ba ka jin ƙarfin muryarka. Na biyu, a wannan kwamfutar Emeka yake kunna waƙoƙin coci da safe, don haka lasifika biyu na haɗe da ita, duk abin da ya shiga kunnena yana fita ga jama'a.

Na juya wa duniya baya, na gyara murya, na fara da Turanci cikin wata murya mai kauri da na ƙirƙira wa Janar.

"Shugaban ƙasa, sojojina sun kewaye fadarka. An rufe iyakoki. Daga yau gwamnatinka ta faɗi, duk kuma wanda ya ɗaga makami a harbe shi."

Tom ya amsa da muryar Baturensa, tiryan-tiryan: "Janar, wannan cin amanar ƙasa ne. Nawa aka biya ka?"

Na buga benci. Na ce ba a sayen mu. Na yi magana a kan man fetur, da talakawa, da manyan ƙasashe masu shiga gidan mutane ba sallama. Gaskiya jawabin ya yi kyau, har yau ina nan a kan haka. Sai Marisol ta shigo da tattausar muryarta:

"Maigidana, kada ka ji tsoro. Ni da 'ya'yanmu muna bayanka."

(E, a cikin wasan an ɗaura wa Janar aure da likitar jirgi. Labari ne ya kai mu can, ba ni na nema ba.)

Na buɗe baki zan ce mata "masoyiyata", har na faɗi rabinsa, sai na ji hannu a kafaɗata. Hannu mai nauyi. Na cire abin kunnen na juya.

Kafen tsit, in ban da fanka. Wata mata ta riga ta ja ɗanta ta fita. Emeka yana tsaye da hannu biyu a ka. Mai hannun kuwa Baba Saje ne, tsohon soja, dattijon cocinmu, mahaifin Rahila wadda aka sa ranar aurena da ita a ƙarshen shekara. Ya zo ne a aika wa ɗansa saƙo, wanda yake aikin kiyaye zaman lafiya a Sudan. Wadda ta rako shi don ta buga masa saƙon tana tsaye a bayansa. Rahila.

"Wane ne shugaban ƙasan da ka kama?" in ji shi, a hankali.

"Baba, wasa ne."

"Wasa." Ya dubi lasifikar, inda Tom yake ta kiran Janar, yana tambaya ko layi ne ya yanke. "Bature kuma yana ciki. Kashe wanga abu ka biyo ni."

Rahila ba ta yi zancen shugaban ƙasa ba. Ta ce, "'Ya'ya nawa ne?" Ta juya ta fita.

Kada ku ɗauka dariya ake yi a lokacin. Baba Saje ya yi aiki a zamanin da irin wannan magana take sa a ɗaure mutum jikin ganga a harbe shi. A hanya, yana gaba ina tura babur a baya, ya ce mini akwai wanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi a bariki, ba abin da ya yi illa ya kai saƙon da bai san abin da ke ciki ba, kuma har yau iyalinsa ba su san kabarinsa ba. Ya ce da wani ne ya ji ni ba shi ba, da yanzu ina bayan motar jami'an tsaro. Wannan na karɓa, ban yi musu ba.

Kafin yamma an tara zama a tsakar gidansa: shi, da mahaifiyata, da kawuna wanda shi ma tsohon soja ne, da Rahila a bakin ƙofar ɗaki tana tsince wake kamar ba ta ji. Aka ba ni kujera 'yar tsugunne a tsakiya. Na yi bayanin zauren, da labarin, da gardamar Iraƙi. Kawu ya ce to ita matar fa?

"Ba matata ba ce, Kawu. Matar Janar ce."

"Wane ne Janar?"

"Ni ne. Amma ba ni ba ne."

Mahaifiyata ta fara share ido da bakin zane. Na ga in ban fito da komai ba auren nan ya tafi. Na ce Marisol tana da mijinta na gaske a can ƙasarsu, ban taɓa ganin ko hotonta ba, kuma Janar ɗin ma ba ɗan Adam ba ne.

"To mi ne ne?" in ji Baba Saje.

Na dubi ƙasa. Na ce wata halitta ce daga duniya mai zafi. Tana da ɓawo a jiki. Da wutsiya.

"Ƙadangare ke nan."

"Ya fi ƙadangare girma sosai, Baba."

"'Ya'yan fa?" Wannan daga bakin ƙofa ya fito.

Na ce ba a haife su ba tukuna. Suna cikin ƙwai, a wani ɗaki mai ɗumi a cikin jirgin.

Tiren waken ne ya fara faɗuwa. Rahila ta durƙusa tana dariya har numfashinta yana sarƙewa, kaji suka taru a kan waken ba wanda ya kore su. Kawu ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Mahaifiyata ta ce da yarenmu na C'lela gara a ce mata na ajiye wata mace a waje, wannan aƙalla ta san yadda ake roƙo a kai. Baba Saje kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce a zamaninsu saurayi yana shekaru yana golmo, yana noma gonar suruki don a ga ko namiji ne, yau ga shi zai ba da 'yarsa ga mai gadin ƙwai. Sai ya yanke hukunci: in yi alkawari a gaban kowa na bar wannan shirme.

A nan ne na ba kaina mamaki. Kunya ta gama cinye ni, ba sauran abin da zan kare, sai na ji bakina yana cewa a'a.

Na ce, "Baba, na yi kuskure da na ɗaga murya, kuma na ba da haƙuri. Auren cikin wasa ma zan kashe shi gobe. Amma ba zan bari ba. Ba na shan giya, ba na caca. Abin da nake yi shi ne in zauna a Zuru in gaya wa Ba'amurke a kunnensa cewa ƙasarsa ta yi ba daidai ba, ya kuma tsaya ya saurare ni. Ku kun je ƙasashen mutane da bindiga kun dawo da labari. Ni wannan ce tafiyata."

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Shi Baturen, mi ya ce da ka gaya mishi?"

"Ya ce ban san siyasa ba."

Ya yi tsaki. "Su suka sani." Ya tashi ya shiga ɗaki, zaman ya watse ba tare da an ce na ci ko na faɗi ba.

Ranar Litinin na shiga aji na tarar an zana ƙadangare da hular soja a allo, da lambobin yabo har ciki. Ban goge ba. Na rubuta lissafin ranar a gefensa, na ce wanda ya zana ya zo ya gyara wutsiyar, ta yi gajarta. A kasuwa masu babur suna sara mini. Emeka ya liƙa takarda a bango cewa an hana magana da ƙarfi, ya kuma cire lasifikar. Marisol da ta ji labari ta ba Rahila haƙuri, aka rubuta cewa likitar jirgi ta nemi saki ta tafi da ƙwayayenta. Tom ya yi dariya har ya kasa rubutu, daga baya kuma, da yaƙin ya ƙi ƙarewa, shi da kansa ya rubuto ya ce wataƙila Janar yana da gaskiya. Gwamnatinsa dai ba ta dawo ba. Na mulki tarayyar har zauren ya mutu.

An ɗaura aurenmu a lokacin da aka sa. A wajen liyafa aka ba Baba Saje makirufo ya yi wa ango nasiha, ya ce abu ɗaya yake roƙo, in Allah ya kawo jikoki a kawo masa su a goye, kada a kawo a kwando. Rabin jama'ar wurin sun san zancen, sauran rabin aka ba su labari a take.

Har yanzu akwai masu kira na Janar, kuma ina amsawa. Abin da na koya kaɗan ne, amma ina riƙe da shi: a garin da kowane benci akwai tsohon soja a kai, in za ka kifar da gwamnati, ka yi a rubuce, ka kuma fara waiwayawa ka gaida na bayanka.