Ranar da Aka Ba Masu Kofato Zaɓi

Dajin Marke daji ne mai tsari, kowa ya san matsayinsa. Masu fiƙa suna ci, masu kofato ana cin su, kuma ba a taɓa jin wanda ya kira wannan zalunci ba. Doka ɗaya tak aka gada kaka da kakanni: idan rani ya tsananta, ruwa ya ƙafe ko'ina sai tafki guda, ba a zubar da jini a bakinsa. Wanda ya karya, a kore shi daga tafkin. Kora a irin wannan lokaci kuwa kisa ne, suna kawai aka sake masa.

Wata barewa mai suna Tabawa ta yarda da dokar nan har zuciya. Ran nan da hantsi ta kai 'ya'yanta biyu shan ruwa, sai Kura ta yi wuf daga cikin ciyawa ta cafke babban, ƙafafunsa na gaba suna cikin ruwa. Tabawa ta tsira da ƙaramar, Auta, wadda ko yaye ba a yi mata ba. Ta kai ƙara fada. Ta san wanda ya tafi ya tafi. Abin da take roƙo kawai a kori Kura, don Auta ta sha ruwa ba da fargaba ba.

Aka taru a gindin babban marke. Zaki yana kan dutse, Ungulu alƙali yana kan reshe, ga Ɓauna wakilin masu kofato a gefen sarki, wuya ya yi kauri saboda daɗin zaman fada.

Kura ta faɗi ta yi gaisuwa, har da 'yar ƙwalla. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban musa ba. Amma a tambayi majalisa, ni na ƙera haƙorana? Ni na zuba wa cikina yunwa? Na ji ƙamshin nama, ban san sa'ad da na yi tsalle ba. Da ina da iko da kaina, wallahi ciyawa zan ci."

Ungulu ya gyara fiffike, ya yi gyaran murya. "Magabata sun ce hali zanen dutse. Ba a tuhumar wuta don ta ƙona, ba a tuhumar ruwa don ya gangara. Laifi sai da ganin dama, Kura kuwa ba ta da shi. Sai dai jini ya zuba a tafki, doka ta karye, dole akwai mai laifi. Tabawa, wa ya tilasta miki zuwa da hantsi?"

"Ƙishirwa, Allah ya gafarta malam."

"Da kin ga dama, da kin bari sai la'asar?"

"Da na bari, amma..."

"Da kin ga dama, da kin bi ta gabas?"



Ungulu ya ɗaga murya. "Jama'a ku shaida! Mu masu fiƙa da masu baki irin nawa, bayin halinmu ne, abin tausayi. Masu kofato su ne Allah ya ɗaukaka da zaɓi. Su ne 'yantattun dajin nan."

Kai, zo ka ga murna! Ɓauna ya miƙe yana huci don alfahari. "A madadin masu kofato, muna godiya. Yau an san darajarmu." Gada da gwanki suka hau buga ƙasa, har da masu rungumar juna. Tabawa ta dube su. Ta ce, "Ya ku 'yan'uwana, ba ku ji abin da aka ce ba ne? An ce duk wanda aka ci, shi ya jawo." Hayaniya ta haɗiye maganarta.

Zaki ya yi hamma, sannan ya yi magana a hankali. "Hukunci kora ne. Amma mu ba azzalumai ba ne, kuma ba za mu ƙwace wa 'yantacciya 'yancinta ba. Ki zaɓa. Ko ki tafi da 'yarki, ko ki tafi ke kaɗai ki bar ta a riƙon fada. Kura ta ce za ta riƙe ta, don ta nuna nadama."

Kura ta sunkuyar da kai, miyau yana ɗiga.

"Sarki ya yi adalci!" in ji Ɓauna.

Tabawa ta juya. Ta sa hanci ta tura Auta gaba, suka ratsa taron, ba wanda ya iya haɗa ido da ita. Suka yi arewa, inda ba a san da ko ɗigon ruwa ba sai an kwana ana tafiya.

A ranar nan, alƙali Ungulu ya tashi daga zama da wuri, wai yana da 'yar tafiya.

Rana ta take tsaka, ƙasa ta ɗauki zafi, ba itace ba ciyawa. Auta ta fara tangaɗi, harshe a waje. Can sai ta tsaya tana kallon wani baƙin abu mai fiffike da ke kewaya su a ƙasa, ya yi gaba ya dawo.

Ta ce, "Inna, ga inuwa tana bin mu. Mu tsaya mu huta a cikinta mana."

Tabawa ba ta ɗaga kai ba, don ta san mai ita. Ta ce, "Yi tafiya, Auta. Kada ki kwanta."