Rasuwar Akwatin Imel ɗin Ya Fanna Mai Turare

Da zukata cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka kasa zama wuri ɗaya, iyalan Ya Fanna mai turaren wuta ta kasuwar Gamboru suna sanar da 'yan uwa, abokan ciniki da maƙwabta rasuwar akwatin imel ɗinta, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya da gajeriyar yaudara.

Marigayin ya zo duniya ne a wani shagon intanet, a hannun Mikail, ƙanin Ya Fanna, ana gobe zai tafi neman aiki ƙasar waje. Shi ya raɗa masa suna, shi ya zaɓa masa lambar sirri, ya kuma yi wa yayarsa alkawarin cewa duk inda ya sauka ta nan za ta ji shi. Da farko ya cika alkawari. Sai shekarun tashin hankali suka zo, iyali suka baro garinsu suka tare a unguwar Lamisula, wayar Ya Fanna ta salwanta a hanya har da layinta, Mikail kuma aka daina jin ɗuriyarsa. Bai san sabon gidan ba, bai san sabuwar lamba ba. Adireshi ɗaya ya rage masa na danginsa, shi ne wannan da muke makoki.

Duk wanda ya san marigayin zai shaide shi da kirki. Bai taɓa tambayar baƙo ɗan gidan wa ne ba. Mai neman humra daga Njamena da amaryar da ke son kajiji da sandal, ƙofa ɗaya suke shiga. In baƙo ya iso, sau ɗaya yake cewa "Tilin!" cikin ladabi, ya yi shiru. Ya Fanna kuwa ko garwashi take zubawa a kasko sai ta ajiye ta duba, ko Mikail ne.

Ciwon ajali ya fara ranar da kamfanin da ke riƙe da shi, wanda ba za mu ambaci sunansa ba saboda ana makoki, ya fito da maganin saƙonnin banza. Wai duk mai aika saƙon da ya biya kuɗi, za a buga masa hatimi a shigar da shi har ƙuryar ɗaki. Wanda bai biya ba, sai yadda mai gadi ya ga dama. Masu wannan hikima sun ce 'yan talla da 'yan damfara za su ji tsada su gudu. To, ba su gudu ba. Ashe su ne masu kuɗin. Marigayin da aka sani da kawaici ya koma sambatu, "Tilin! Tilin! Tilin!" tun safe har rana ta faɗi: maganin ƙiba, maganin rama, fili a garin da ba wanda ya taɓa zuwa, da wani attajiri da ya mutu musamman don ya bar wa Ya Fanna gado. Kowanne da hatiminsa fes. Talakawa kuma aka riƙa tura su kwandon shara, kwandon da ke zubar da kansa duk ƙarshen wata ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

Ya Fanna ba ta san da haka ba sai ranar da Madam Susanna ta unguwar Jiddari Polo, tsohuwar abokiyar cinikinta, ta zo shago ranta a ɓace, wai ta aiko neman turaren bikin 'yarta an share ta. Aka bincika, aka tsinci saƙonta a shara. Susanna ta huce har ta yi dariya. Ya Fanna ba ta yi ba, domin ta tuna cewa wanda ya tafi neman abinci ƙasar wasu ba shi da kuɗin hatimi, kuma watanni da yawa sun ƙare tun da kwandon ya fara zubar da kansa. Daga ranar zama ya gagare ta. Ta duba ɗaki, ta duba shara, ta auna wa mai saye turare ta manta ta ɗaure, ta sake dubawa. Ba ta san ko ya rubuto ba, kuma rashin sanin ne ya fi cin ranta.

A wannan hali saƙon ƙarshe ya same ta, da hatiminsa, yana cewa an sami labarin ɗan uwanta da ya ɓace, ta saka lambar sirri ta gani. Matar da ke gane jabun sandal tun daga bakin layi, ita ce ta saka lambar da hannunta. Kada kowa ya zo ta'aziyya ya tambaye ta dalili. Marigayin ya ce "Tilin" a hankali, ƙofa ta rufe, ba ta ƙara buɗuwa ba.

Ana gargaɗin jama'a cewa fatalwarsa ta yi yawo kwana biyu kafin kamfani ya rufe akwatin, tana roƙon taimako da sunan Ya Fanna. Ba ita ba ce. Wanda ya tura wani abu, Allah ya mayar masa da alheri.

Marigayin ya bar waya mai fasasshen gilashi, caja da ake ɗaure wa wuya da roba, da jariri guda, wato sabon akwatin da aka buɗe jiya, wanda har yanzu bai yi kukan fari ba. Hotunan Mikail sun tafi tare da marigayin.

Babu gawa, don haka babu wanka, babu rakiya. Za a yi zaman makoki a Lamisula, gida mai koren ƙyaure bayan injin niƙa. Wanda ya ɓata ya bi ƙamshi. Iyali sun yafe shinkafa da sukari. Abin da suke roƙo shi ne kowa ya tura wannan sanarwa ga duk wanda ya sani a ƙasar waje, ya kuma kira shi ya ce ya duba shara, don ba mu biya kuɗin hatimi ba.

Ba a sa ranar tashi daga zaman ba. Ya Fanna ta ce a bar ƙyauren a buɗe, kuma in Mikail ya zo, ba sai ya biya komai ba.