Rasuwar Gwaggo, Taraktar Mai Lambu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yau baƙin man inji bai gama fita daga farcensu ba, mai lambun bakin rafi, a madadin kansa da maiɗakinsa da 'ya'yansu uku, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ƙaramar taraktarsa, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a tsakiyar kunya ta huɗu, garma na ɗaure a bayanta.

Marigayiyar ta shigo gidan shekara goma sha tara da suka wuce. Surukin mai lambu ne ya tuƙo ta da kansa lokacin da gwiwoyinsa suka gaji da noma, ya miƙa mukulli ya ce amana ce. Yara suka sa mata Gwaggo saboda tarin da take yi kowace safiya: kuhu, kuhu, sai shiru, sannan ta ɗauka da tu-tu-tu har kajin maƙwabta su watse. Ba ta da gaggawa, ba ta kuma taɓa ƙin aiki ba. Ta huɗa laka, ta huɗa fako, ta ja taki, ta kai kwanduna bakin titi. Ranar da naƙuda ta kama maiɗakinsa, ruwa ya yanke hanya, babu motar da ta yarda ta shigo, Gwaggo ce ta kai ta asibiti a tirela, kan katifa. Saura ƙiris autar gidan ta zo duniya a bayanta.

Ciwon ajalinta ya fara da ɗigon mai ɗaya a simintin rumfa, kusa da tayar baya ta hagu, faɗinsa bai wuce maɓallin riga ba. Maiɗakinsa ce ta gani tana shara. Ya ce mata tsufa ne, kowane tsoho yana ɗan yoyo, ya shimfiɗa kwali a wurin. Cikin mako biyu ɗigon ya kai faɗin faranti. Da makaniki ya zo ya leƙa, ya ce robar nan da ke tare mai a inda sandar taya ta fito daga akwatin giya, wadda suke kira sil, ita ce ta cinye. Aikin rabin yini ne, amma sai bayan kwana huɗu, domin motoci sun cika masa gareji.

A nan mai lambu ya nemi a faɗi gaskiya, ko da ba ta yi masa daɗi ba. Bai jira ba. Ranar Litinin ya sayo sabon sil, ya ɗaga Gwaggo da jak, ya cire taya, ya tsiyaye mai a bokiti. Maiɗakinsa ta ce a aika wa babanta, tunda ya san Gwaggo ciki da waje. Ya ce ba zai ta da dattijo a kan robar da ba ta kai tafin hannu ba. Ya sa sukundireba ya ɓanɓare tsohon sil ɗin. Hannunsa ya goce sau ɗaya, ya ji ƙarfe ya karci ƙarfe, ya shafa wurin da yatsa ya ce wa kansa ba komai. Sabon yana da fuska biyu. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya zaɓi wadda ta fi kwanta masa, ya buga shi ciki da guduma da guntun katako, ya mayar da taya, ya zuba mata manta. Washegari kwali ya kwana a bushe. Har kiran iyali ya yi su zo su gani.

Ranar Laraba Gwaggo ta yi kunya uku lafiya lau. A ta huɗu ta fara wani gurnani da bai taɓa ji ba, gurrr, sai ƙauri, sai ƙararas, sai ƙas. Da ya waiwaya ya ga baƙin layi a kan jar ƙasa tun daga bakin lambu har ƙarƙashinta. Ya sauka, ya durƙusa, ya tara hannu biyu kamar zai iya mayar mata da abin da ya zube.

Makaniki ya bar motocinsa ya zo. Ya buɗe akwatin giya, ya ɗebo ɓarɓashin ƙarfe cike da hannu, ya zaro sil ɗin ya daɗe yana kallo.

"Mai lambu, wa ya sa wannan?"

"Ni ne."

"Cikinsa ka mayar waje."

Makaniki ya buga wa masu kayan gyara uku waya, dukkansu suka ce an daina yin haƙoran giya irin nata tun tuni. Da yamma suruki ya iso yana dogara sanda. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya dafa kujerarta. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, da ka aiko. Sau biyu na taɓa canza mata shi." Mai lambu ya ce da marinsa aka yi da ya fi masa sauƙi, kuma har yanzu bai iya haɗa ido da shi ba.

Marigayiyar ta bar garma ɗaya, da tirela mai ƙafa biyu, da rabin galan na man da ba ta samu sha ba. Ta kuma bar marayu dubu shida: irin tumatir da tattasai da ya kai dashe, ya yi tsawo yana cunkushe juna, ƙasansa ya fara ja. In bai shiga ƙasa cikin kwana biyar ba, ya lalace, shi ne kuma cin gidan na shekara. Taraktocin haya duk an kama su har mako biyu. Mai lambu ya zaga wajen mutum huɗu, ya yi magiya, ya dawo da haƙuri.

Za a ɗauke ta ranar Asabar da sassafe. Da yake giyarta ta cije, tayoyin ba sa juyawa, ana neman ƙarti takwas da igiya mai ƙwari. Ɗan gwangwan mai sayen tsohon ƙarfe ya zo da ma'auninsa, maiɗakin mai lambu ta sallame shi tun daga ƙofa, don haka za a ajiye ta a bayan rumfa, a rufe ta da tamfol.

Ba za a shimfiɗa tabarma ba, babu zaman makoki. Duk mai son yin ta'aziyya, don Allah ya zo da fartanyarsa. Wanda ba shi da ita ya ara, wanda bayansa ba ya sunkuyo ya zo ya riƙa miƙa iri. Ranar Asabar ɗin mai lambu zai tsaya a bakin shinge tun gari bai gama wayewa ba. Ya ce ko mutum ɗaya ne ya zo, za su fara.